Salamandar wuta: yadda tsaunukan Turai suka raba dangi ɗaya gida-gida

A dazuzzukan tsaunukan Turai akwai wata halitta baƙa wuluk mai ɗigo-ɗigon rawaya, wadda duk wanda ya gan ta karon farko zai rantse ƙadangare ce. Hatta Carl Linnaeus, mutumin Suwidin da ya tsara wa halittu sunayen kimiyya, cikin ƙadangaru ya saka ta a 1758. Alhali kuwa 'yar'uwar kwaɗo ce. Fatarta laushi gare ta da danshi, kuma a yawancin wurare cikin ruwa take yin ƙuruciyarta. Ana kiran ta salamandar wuta, a littattafan masana kuma Salamandra salamandra. Tsawonta yakan kai santimita 15 zuwa 20, tana da dafi a bayan idanunta da gadon bayanta, kuma rawayar nan gargaɗi ce ga duk mai niyyar cin ta. Da rana tana ɓoye a ƙarƙashin ruɓaɓɓen icce ko cikin tsagar dutse, sai dare ya yi an samu yayyafi take fitowa neman tana da dodon koɗi. Takan haura shekara 20 a daji. Kudu da Sahara babu salamanda ko iri ɗaya, shi ya sa yawancinmu ba mu taɓa ganin ta ba. A duk Afirka, bakin arewa kaɗai ake samun danginta.

Taswirar littafin makaranta tana shafa launi ɗaya tun daga Fotugal har tsaunukan Karpatiya na gabashin Turai da Girka, ta ce duk nan mazauninta ne. Wannan launi ɗaya yana ɓoye abu mai yawa. Halittar ba ta jure zafi, ba ta jure fari, tafiyarta a hankali ce, kuma tana son gidanta. An sha ganin salamanda guda tana komawa rami ɗaya shekara da shekaru don ta wuce hunturu. Akwai 'yan ƙalilan da aka bi sawunsu suka wuce kilomita 1, amma mafi yawa a ɗan fili suke ƙare rayuwarsu. Ga irin wannan halitta, busasshen kwari mai faɗin kilomita 20 iyakar duniya ne. Don haka abin da ke ƙasa a zahiri gungu-gungu ne, kowane a kan tsauninsa ko a bakin ƙoramarsa, wasu suna cuɗanya da maƙwabtansu, wasu kuma sun rabu tun kafin ɗan Adam ya fara noma.

Masu bincike suna gano dangantakar waɗannan gungu ne ta DNA. Suna ɗebo ɗan tsoka daga ƙarshen jela ko su goga auduga a bakin dabbar, su sake ta, sannan su kwatanta ƙwayoyin gadon wannan kwari da na wancan. Akwai abu ɗaya da ya kamata a riƙe, domin duk rikicin da ke tafe a kansa yake. DNA iri biyu ne a jikin dabba. Akwai ɗan ƙarami da ke cikin mitokondiriya, wato sassan da ke samar wa ƙwayar halitta ƙarfi, wanda ake gada daga uwa kaɗai. Akwai kuma babban, na cibiyar ƙwayar halitta, wanda ake gada daga uwa da uba. Binciken farko-farko ya dogara ne kan na uwa saboda ya fi sauƙin karantawa. Amma wanda ya bi salsalar mutum ta kakanninsa mata kaɗai, uwa zuwa uwarta zuwa uwarta, zai iya cewa asalinsa wani gari ne can, alhali duk dangin ubansa, da kamanninsa, da harshensa, na wani wuri ne daban. Bai yi ƙarya ba, rabin labari ya bayar.

Tushen rabuwar shi ne zamanin ƙanƙara. Cikin shekara miliyan 2.6 da suka shige, sanyi ya yi ta zuwa yana komawa a Turai sau da dama. Zuwan ƙarshe ya kai ƙololuwa kimanin shekara 21,000 baya, ya kuma ƙare wajen shekara 11,700 da suka wuce. Duk lokacin da sanyin ya sauko, dazuzzukan tsakiyar Turai sukan mutu, halittun daji kuma sai su tsira a kudu kawai: yankin Iberiya, wato Sifaniya da Fotugal, da Italiya, da yankin Balkan. Da ɗumi ya dawo, sai 'yan tsirarun da ke bakin arewa na waɗannan mafaka su bazu su cika filin da ya buɗe. Wannan ne ya sa salamandodin Jamus da Faransa da Beljiyam, duk yawansu da faɗin ƙasarsu, ƙwayoyin gadonsu suka yi kama da juna ƙwarai, domin daga kakanni kaɗan suka fito kuma ba da daɗewa ba. Binciken Sebastian Steinfartz da abokan aikinsa na shekarar 2000 na cikin waɗanda suka fara fayyace wannan tarihi. A Jamus rassa biyu na wannan jinsi ne suka haɗu, na yamma mai rawaya a jere kamar layi biyu a baya, da na gabas mai ɗigo a warwatse.

A kudu lissafin ya sha bamban. Daga cikin rassa kimanin 13 da aka saba lissafawa, wajen 9 a Iberiya suke. Dalilin shi ne Iberiya ba mafaka ɗaya ba ce. Tsaunukanta suna kwance ne daga gabas zuwa yamma, jeri bayan jeri: na Kantabriya a arewa, na tsakiya irin su Gredos da Guadarrama, sai Sierra Morena, sai na Betika a kudu, kuma tsakanin kowane jeri da na gaba akwai faffaɗan kwari ko tudu mai fari. Idan sanyi ya zo, salamanda ta sauko gindin dutse. Idan zafi ya zo, ta hau sama. Tafiyar 'yan kilomitoci ta ishe ta tsira, ba sai ta bar yankinta ba, don haka kowane jeri ya riƙe zuri'arsa dubban ɗaruruwan shekaru. Ɗaya daga cikin rassan da suka fi nisa da sauran shi ne longirostris, mai dogon baki, wanda ke kudu da kogin Guadalquivir a tsaunukan Cádiz da Málaga, wajen Grazalema da Ronda. Bambancinsa ya kai har wasu masana suna ganin jinsi ne mai zaman kansa. Ƙasarsa ƙarama ce, kewaye da gonaki da busassun filaye.

Akwai wani abin mamaki da DNA ya tono. Salamandar kudancin Italiya, gigliolii, ta fi kusa da na tsaunukan Kantabriya a arewacin Sifaniya fiye da yadda take kusa da na Faransa da ke tsakaninsu. Babban binciken da James Burgon da abokan aikinsa suka wallafa a 2021, wanda ya karanta dubban wurare a DNA, ya ƙarfafa wannan. Bayanin da ya fi shiga hankali shi ne, wata tsohuwar zuri'a ta taɓa mamaye tsakanin ƙasashen biyu, sanyi ya share tsakiyarta, ƙarshenta biyu suka tsira, daga baya wata zuri'a dabam ta zo ta zauna a gurbin. Kusancin wuri ba ya nuna kusancin jini.

Inda labarin ya fi daɗi, a ganina, shi ne Asturiyas, wani yanki a tsaunukan Kantabriya na arewacin Sifaniya. A ko'ina salamandar wuta ba ta zuba ƙwai kamar kwaɗo. Macen tana riƙe ƙwan a cikinta har su ƙyanƙyashe, sai ta je bakin ƙorama ta tsoma bayanta ta saki 'ya'ya 30 zuwa 60, irin talibambam masu ƙafafu da gaɓoɓin shaƙar iska a ruwa. Sukan yi watanni a ruwan kafin su rikiɗe su fito tudu. Amma reshen bernardezi na Asturiyas ya bar ruwa gaba ɗaya. Macen tana haifar 'ya'ya kaɗan, daga 1 zuwa 15, waɗanda suka gama rikiɗewa tun a ciki, kuma a kan ƙasa take haifar su. Abincin da ke kai su ga wannan girma shi ne ƙwayayen da ba su yi ɗa ba, wani lokaci ma 'yan'uwansu ƙanana, duk a cikin mahaifa. Masana suna danganta wannan da yanayin ƙasar, domin yawancinta dutsen farar ƙasa ne wanda ke shanye ruwan sama ya kai shi ƙarƙashi, ƙorama ta yi wuya duk da yawan ruwan sama.

A 2003 Mario García-París na gidan adana tarihin halittu da ke Madrid, tare da David Wake na Amurka da wasu, suka gano cewa shaidun ba su jitu ba. Salamandodin gabashin Kantabriya da yammacin Pirenis, tsaunukan iyakar Sifaniya da Faransa, wato reshen fastuosa, suna da kamannin bernardezi, da yawansu suna haihuwa irin tata, kuma babban DNA ɗinsu ya haɗa su da ita. Amma DNA na uwa ya ce su dangin masu haihuwa a ruwa ne. Fassarar da suka bayar ita ce haihuwar tudu ta samo asali ne a wani gungu da ya keɓe a tsaunukan Kantabriya, bayan an sake haɗuwa kuma sai ƙwayoyin gadonsa suka kwarara gabas ta hanyar barbara, suka rinjayi na 'yan gida, aka bar tsohon DNA na iyaye mata a wurinsa kamar yadda yake. An sake ganin irin wannan saɓani a tsaunukan tsakiya. Reshen almanzoris, ƙaramar salamanda mai ƙarancin rawaya, an daɗe ana ɗaukar ta a matsayin 'yar tafkunan ƙanƙarar Gredos kaɗai, wajen mita 2,000 sama da teku. Binciken Ricardo Pereira da Íñigo Martínez-Solano da David Buckley na 2016 ya nuna babban DNA ɗinta ya bazu fiye da haka nesa, ya shiga gungun da DNA na uwa ke cewa na wani reshe ne. Hawa da saukar da sauyin yanayi ya tilasta musu shi ya riƙa haɗa su yana raba su.

Abin da nake ɗauka daga waɗannan shi ne tsauni yana raba dangi, amma ba har abada ba. Yana rufe ƙofa na dubban shekaru, sabon abu ya ɓullo a keɓe, sannan ya buɗe ta, sabon abun ya fita ya gwada kansa. Da babu rufewar, da haihuwar tudu ta narke cikin yawan masu haihuwar ruwa tun tana sabuwa. Da babu buɗewar, da ta tsaya a kwari ɗaya.

Wannan haihuwa ta sake ɓullowa a wani wuri ba tare da ta ratso daga Asturiyas ba. A gaɓar Galisiya, a arewa maso yammacin Sifaniya, akwai ƙananan tsibirai biyu, Ons da San Martiño, waɗanda tudu ne na gaɓa kafin teku ya ɗago ya yanke su kimanin shekara 8,000 baya. Guillermo Velo-Antón da abokan aikinsa sun nuna a 2007 cewa salamandodin tsibiran 'yan reshen gallaica ne, wato dangin na gaɓar da ke fuskantar su, masu haihuwa a ruwa, amma su a tudu suke haihuwa. Shekara 8,000 ɗan lokaci ne ƙwarai ga irin wannan sauyi. Kuɗin da suka biya kuwa a bayyane yake: bambancin ƙwayoyin gadonsu ya yi ƙasa da na 'yan'uwansu na gaɓa. A Maroko ma, wani reshen Salamandra algira, 'yar'uwarta ta arewacin Afirka, da ke kusa da birnin Tanja yana haihuwa a tudu. Baƙar salamandar Alps, Salamandra atra, ta kai abin maƙura, 'ya'ya biyu kacal take haifa bayan ciki na shekara biyu zuwa uku.

Wani lokaci ma ba a buƙatar tsauni ko teku. A dajin Kottenforst kusa da Bonn a Jamus, wasu salamandodi suna sakin 'ya'yansu a ƙorama kamar yadda aka saba, wasu kuma a kududdufai masu saurin ƙafewa. Daji ɗaya ne, amma DNA ya raba su rukuni biyu bisa irin ruwan da suke haihuwa a ciki, kuma gwaji ya nuna matan sun fi yin 'ya'ya da mazan rukuninsu. Duk wannan ya faru ne bayan zamanin ƙanƙara.

To idan rabuwa ce ta haifi duk wannan arziki, me ya sa masana suke kuka da rarrabuwar mazauni? Saboda rabuwar da ɗan Adam yake yi wata iri ce dabam. Tsauni yakan keɓe dubban dabbobi a faɗin ƙasa, cikin lokaci mai tsawo. Titi da gona da unguwa sukan keɓe 'yan gommai a ɗan fili, cikin shekaru kaɗan, kuma ba sa sake buɗewa. A ƙaramin gungu, sa'a ce ke yanke hukunci kan wace ƙwayar gado za ta tsira, ba amfaninta ba. Mace ɗaya mai wata ƙwaya da ba kowa ke da ita ba, mota ta take ta a daren ruwa, shi ke nan an rasa. Sannu a hankali kowa ya zama ɗan'uwan kowa, barbarar dangi ta yawaita, cututtukan gado su fito fili. Gungun zai bambanta da maƙwabcinsa a takardar bincike, amma bambancin na asara ne.

Oviedo, babban birnin Asturiyas, ya ba da damar ganin wannan ido da ido. Tun da bernardezi ba ta buƙatar ruwa, ta iya rayuwa a cikin gari, a tsagar tsofaffin ganuwa, da farfajiyar babban cocin birnin, da lambunan gidajen ibada. Birnin ya girma ya kewaye su, wasu tun ɗaruruwan shekaru. Binciken da André Lourenço da Velo-Antón da wasu suka wallafa a 2017 ya samu gungun cikin garin sun yi nisa da juna a ƙwayoyin gado duk da kusancin wurarensu, kuma masu haihuwa a cikin kowane kaɗan ne. Abin yabo ne cewa sun jure. Amma ban ga dalilin da zai sa a mai da juriyar tasu hujjar cewa rarrabuwa ba ta da illa ba. Dabba mai shekara 20 tana ɓoye lalacewar zuri'arta na tsawon lokaci: manya suna nan ana ganin su kowace damina, ƙanana ne suka daina zuwa. Haka lamarin yake a iyakar kudu ta dangin, a Dutsen Karmel na Isra'ila, inda gungun wani jinsi ɗan'uwanta, Salamandra infraimmaculata, ya yanke daga na yankin Galili kuma bambancin gadonsa ya fi nasu ƙaranci.

Ga masu haihuwa a ruwa, abubuwan da ke yanke su sun fi yawa. Tituna suna ratsa tsakanin daji da ƙorama, daidai hanyar da mata masu ciki suke bi. An zuba kifi a tafkunan tsaunukan Sifaniya don masu kamun kifi, kifin kuma yana cinye 'ya'yan. A Galisiya da Fotugal an maye gurbin dazuzzukan asali masu yawa da gonakin bishiyar turare. Ɗumamar yanayi tana tura gungun kudu sama, kuma tsauni yana da ƙarshe.

Amsar da ke zuwa baki nan take ita ce a haɗa su: a haƙa hanyoyi ƙarƙashin titi, a dawo da daji a bakin rafuka, a ɗauko dabbobi daga babban gungu a ƙara wa ƙarami. Biyun farko ina goyon bayansu ba tare da jinkiri ba a inda mutum ne ya yanke hanyar. Na ukun yana buƙatar taswirar dangantaka kafin a taɓa komai. Wanda ya ɗauko salamandar Sierra Morena ya zuba a Grazalema don ya ƙara jini, ya rusa abin da kogin Guadalquivir ya keɓe tun kafin tarihi. Wanda ya kai mai haihuwar ruwa tsibirin Ons ya kai ta inda 'ya'yanta ba su da tabbacin ruwa. Tambayoyin da ya kamata a fara yi game da kowane gungu biyu su ne yaushe suka rabu, kuma me ya raba su. DNA na iya amsa su, muddin an karanta na uwa da na uba tare.

Sai kuma cuta ta zo ta ƙara dagula lissafin. Daga 2008 aka fara tsintar gawarwakin salamanda a dajin Bunderbos da ke kudancin Holan, kafin 2013 kashi 96 cikin 100 na gungun sun ɓace. A wannan shekarar An Martel da Frank Pasmans na Jami'ar Ghent suka bayyana mai laifin, wata ƙwayar cuta dangin funfuna da ba a san ta ba a da, Batrachochytrium salamandrivorans, ana taƙaita ta da Bsal. Tana cin fata, ta bar gyambuna, ta kashe dabbar cikin mako biyu ko uku. Asalinta Asiya ne, inda salamandodin can suka saba da ita, kuma shaidu sun nuna cinikin dabbobin ado ne ya kawo ta. Ta shiga Beljiyam da Jamus, a 2018 kuma aka same ta a wani gandun daji a Kataloniya ta Sifaniya, wato ta taka ƙasar da ta fi kowace riƙe tsofaffin rassa. Amurka, wadda ta fi kowace ƙasa yawan jinsunan salamanda, ta hana shigo da jinsi 201 a watan Janairun 2016. A 2023 IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ta ɗauke salamandar wuta daga jerin marasa damuwa ta saka ta cikin masu rauni.

Wannan matsayi ɗaya ne ga jinsin gaba ɗaya, kuma a nan nake ganin giɓi. Asarar wani gungu a Beljiyam abin baƙin ciki ne, amma yawancin ƙwayoyin gadonsa suna nan a Faransa da Jamus. Idan Bsal ta shiga tsaunukan Cádiz, ko Gredos, ko kwarurukan Asturiyas, abin da zai tafi babu kwafinsa a ko'ina. Haka ma Salamandra lanzai, wadda sai a 1988 aka bayyana ta, kuma duk duniyarta ɗan yanki ne kewaye da Dutsen Monviso a iyakar Italiya da Faransa. Kuɗin kiwo a killace da na sa ido ba su da yawa, don haka ya kamata a raba su bisa tsufan zuri'a da ƙanƙantar ƙasarta, kuma a kiwata kowane reshe dabam ba tare da cakuɗawa ba.

Masu kare halittar yanzu suna tsakanin gaba kura baya sayaki. Hanyar da za ta kai sabon jini ga gungun da ya keɓe ita ce za ta iya kai masa cutar. A 2018 Annemarieke Spitzen-van der Sluijs da abokan aikinta suka ba da rahoton wani ƙaramin gungu da bai kai kilomita 1 daga Bunderbos ba. DNA ya nuna dangin waɗanda suka mutu ne na kusa, amma shekaru bayan annobar babu Bsal a cikinsu. Da alama ratar da ke tsakaninsu da dajin ce ta tsare su. Daga nan aka fahimci cewa cutar ba ta da ƙarfin tsallake rata da kanta, kuma ana zaton tsallen da take yi na ɗaruruwan kilomitoci yana bin mutane ne, a laka ta takalmi, da tayar keke, da kayan aiki, da akwatin mai kiwon dabbobin ado. Shi ya sa a yankunan Eifel da Ruhr na Jamus ake roƙon masu yawon daji su tsaya a kan hanya, su ɗaure karnukansu, su kankare lakar takalmansu su bar su su bushe sarai kafin su shiga wani dajin.